Matar Da Ake Duka A Gida Da Haƙƙinta A Kan Abokan Aikinta

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda ya haramta zalunci a tsakanin bayinsa, ya kuma yi alkawarin amsa kukan wanda aka zalunta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar da wannan fili ya ɗauko a wannan mako magana ce wadda ba a cika jin ta a bakin masu wa'azi ba, ba a kuma cika jin ta a tarurrukan ƙungiyoyin ƙwadago ba, domin kowane ɓangare yana ɗaukar ta ɗaya ɓangaren ce. Watau mace ma'aikaciya, malamar makaranta ce, ko nas, ko akawu, ko mai aiki a masaƙa, wadda mijinta yake duka ko yake ƙuntata mata a gida: shin tana da wani haƙƙi a kan abokan aikinta, da kuma ƙungiyar da ake yankar albashinta duk wata ana biya mata? In kuma ƙungiyar ta tsaya mata, shisshigi ta yi cikin auren mutane, ko kuwa wajibi ta sauke?

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na matan Nijeriya da suka taɓa yin aure, 'yan shekara 15 zuwa 49, sun gamu da cuta daga mazajensu, ko ta duka, ko ta tilastawa a shimfiɗa, ko ta zagi da wulaƙanci da tsoratarwa. Wannan lissafi ya haɗa kowace ƙabila da kowane addini, saboda haka babu mai nuna wa wani yatsa. Akwai maza ma da matansu ke cuta, kuma hukuncin zalunci ɗaya ne ko daga wa ya fito, amma mafi yawan masu kwana da rauni mata ne.

Mutane da yawa suna zaton abin da ya faru a ɗaki a ɗaki yake tsayawa. Wanda ya taɓa riƙe makaranta ko asibiti ya san ba haka ba ne. Matar da aka doka da dare da safe za ta makara, domin sai ta gasa fuskarta, ta lallashi yaran da suka kwana a firgice. In ta iso sai ta ja mayafi ta rufe kumburi, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Tana cikin aji ko tana kan allurar marar lafiya waya na ta ƙara, ana tambayarta ina take, da wa take magana. Wani mijin yakan zo har bakin ƙofar ma'aikata ya tsaya, wani ya ɓoye mata kayan aiki ko ya kulle ta a gida ranar da ake tantance ma'aikata, wani kuma ya riƙe katinta na cire kuɗi, ƙarshen wata ya kwashe albashin tun ba ta gan shi ba. Shugabanta a ofis bai san komai ba sai makara da fashi da kuskure. Sai takardar tuhuma ta farko, sai ta biyu, daga nan sai sallama. Ranar da aka sallame ta kuwa, an ƙwace mata abin da za ta yi kuɗin mota zuwa gidan iyayenta, da abin da za ta biya a asibiti, da abin da za ta riƙe yaranta da shi in abin ya kai ga rabuwa. Ma'aikatar da ta kore ta, ba tare da ta sani ba, ta gama wa azzalumin aikinsa.

Wannan shi ne abin da waɗansu ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasashen waje suka lura da shi tun da jimawa. A Kanada, cikin 1993, ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta sa manyan kamfanonin mota suka yarda a naɗa mace daga cikin ma'aikata, a ba ta horo, ta zama wadda mata za su riƙa zuwa wurinta a asirce, ta saurare su, ta nuna musu inda za su sami likita ko lauya ko mafaka, ta kuma shiga tsakaninsu da shugabannin kamfani. A Ostareliya, cikin 2010, wata ƙungiyar ma'aikata ta ƙulla yarjejeniya da ƙaramar hukumar Surf Coast ta jihar Biktoriya, aka ba wanda ake cuta a gida hutun kwana 20 da cikakken albashi a shekara. Daga wannan ƙaramar hukuma abin ya yi ta yaɗuwa, ƙungiyoyi suka yi fiye da shekara goma suna neman a mai da shi doka, har majalisar ƙasar ta amince a 2022 da hutun kwana 10 da albashi ga kowane ma'aikaci, dokar ta fara aiki a 2023. Ƙasar Filifin ta riga su, tun 2004 dokarta ta ba mata irin wannan hutu na kwana 10, Niyu Zilan kuma ta yi tata dokar a 2018.

Sa'an nan a ranar 21 ga Yuni, 2019, shekarar da aka cika shekara ɗari da kafa Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wakilan gwamnatoci da na masu ɗaukar ma'aikata da na ƙungiyoyin ƙwadago suka zartar da Yarjejeniya ta 190 a birnin Janeba, a kan hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. A cikinta an ɗora wa ƙasashe su yarda cewa cutar da ake yi a gida tana shafar aiki, su kuma rage illarta gwargwadon iko. Takardar shawarwari ta 206 da ke rakiyarta ta ambaci hanyoyin: hutu, da sassauta lokacin aiki, da kare ma'aikaciya daga kora na wani lokaci, da miƙa ta ga hukumomin da za su taimake ta. Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya a watan Nuwamba na 2022.

To, wani zai ce, wannan ai al'adar Turawa ce, me ya haɗa ta da Musulmi? Amsar tana cikin tarihin Makka tun kafin aiko Manzo. Wani fatake daga Zubaida ta ƙasar Yaman ya kawo kaya Makka, Al-As ɗan Wa'il ya saya ya hana shi kuɗinsa, ga shi baƙo, ba shi da dangi a garin. Ya hau dutse ya yi kuka a bainar jama'a. Sai waɗansu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi rantsuwa za su zama hannu ɗaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne ƙawancen da ake kira Hilful Fuduli. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya halarci taron yana saurayi, kuma bayan an aiko shi ya yaba masa, ya bayyana cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa a cikin Musulunci da ya amsa. Mai karatu ya lura da kyau: waɗanda suka ƙulla wannan alkawari ba Musulmi ba ne a lokacin, kuma ba hukuma ba ne. Mutane ne kawai da suka ga cewa mai rauni in yana shi kaɗai ba ya iya karɓar haƙƙinsa, suka haɗa ƙarfi. Ƙungiyar ƙwadago, in an tuɓe mata surutan siyasa, ba ta wuce wannan ba. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ta hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare haddi. Ƙungiyar da ta iya rufe makarantu da asibitoci a kan ƙarin albashi, sa'an nan ta ce ba ruwanta da 'yarta da ake ƙwace wa albashin kacokan, ta riƙe rabin amanar ta saki rabi.

A nan ne ake kawo hujjar rufin asiri. Ana cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, mace ta gari ba ta fitar da sirrin ɗakinta, aure ibada ne, a yi haƙuri. Duk wannan gaskiya ne a muhallinsa. Saɓani na yau da kullum, da ɓacin rai, da maganar da ta kuɓuce, ba abin kai wa ofis ba ne, kuma macen da ke tallar mijinta a kan irin waɗannan ta yi laifi. Amma karya hannu ba saɓani ba ne. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, wadda ta nuna Allah ba ya son bayyana mummunar magana, ita ce kuma ta togace wanda aka zalunta. Imamun Nawawi, da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, kai ƙarar zalunci ya sa a farko, neman taimako don kawar da munkari ya biyo baya.

Matan sahabbai ba su ɗauki shiru ibada ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa akwai lokacin da mata masu yawa suka yi ta zuwa gidajen Annabi suna ƙarar mazajensu a kan duka. Bai kore su ba, bai ce sun tona asiri ba. Maimakon haka sai ya faɗa wa jama'a abin da ya faru, ya kuma bayyana cewa mazan da ke yin haka ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba. Abin lura a nan shi ne wurin da matan suka fara zuwa: wurin 'yan'uwansu mata, iyayen muminai, su kuma suka isar da maganar. Haka nan Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar Abu Sufyan a kan rowa da ƙarancin ciyarwa, aka ba ta fatawa ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa al'ada. Khaula 'yar Sa'alaba ta yi ta jayayya a kan abin da mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata, har sura ta 58 ta sauka da sunan jayayyarta. Habiba 'yar Sahlu kuwa, a ruwayar Abu Dawuda, mijinta Sabitu ɗan Ƙaisu ya doke ta ya ji mata rauni, ta yi sammako ta kai kukanta, kuma maganar ta ƙare da rabuwa. Sabitu sahabi ne mai daraja, mai huɗubar Ansaru, amma darajarsa ba ta sa aka ce da matar ta koma ta yi haƙuri ba.

Sai kuma aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, wadda masu duka da yawa ba su san wata aya a kan aure ba sai ita. Malamai sun yi bayaninta tun zamanin tabi'ai. Ta zo ne a kan macen da ta yi tawaye ga haƙƙin aure, bayan wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa sun gaza, kuma waɗanda suka halatta abin da ta ambata a ƙarshe sun gindaya sharuɗɗa: kada ya yi rauni, kada ya bar tabo, kada ya taɓa fuska, an ma ruwaito daga Ibn Abbas kwatanta shi da asuwaki. Malikiyya suka ƙara cewa in miji bai yi zaton zai yi amfani ba, bai halatta ba sam. Ata'u ɗan Abu Rabah, babban malamin Makka, ya tafi a kan kada ya doke ta ko da ta saɓa masa, kuma Alƙali Ibnul Arabi na Andalus ya kawo wannan magana a tafsirinsa na ayoyin hukunci ya yaba wa fahimtar Ata'u. Shehu Ibn Ashur na Tunis, wanda ya rasu a 1973, ya bayyana cewa in hukuma ta ga maza ba sa tsayawa a kan iyaka, tana da ikon hana su, ta kuma hukunta wanda ya doki matarsa. Sama da duk wannan akwai shaidar Nana A'isha, a ruwayar Muslim, cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Da Fatima 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa a kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahmi saboda an san shi da dukan mata. Wanda ya tsinke wa matarsa kunne da mari saboda gishiri ya yi yawa a miya, ko ya zane ta da wayar lantarki saboda ta tambayi kuɗin cefane, ba shi da ko ƙwayar hujja a wannan aya. Fushinsa ya bi, sa'an nan ya nemo ayar ya yafa.

Fiƙihun da alƙalan ƙasar nan suke hukunci da shi ya fi mutane da yawa tausayin mace. A mazhabar Imamu Malik, mace tana da ikon neman alƙali ya raba auren saboda cuta, kuma Muhtasar na Shehu Halil ya nuna cewa ba sai shaidu sun tabbatar da maimaituwar cutar ba. Ibn Asim a cikin Tuhfa ya nuna cewa ana tabbatar da cuta da shaidu, ana kuma tabbatar da ita da labarin da ya yaɗu a tsakanin mutane. In mace ta yi ta kawo ƙara ba ta da shaida, alƙali yakan sa a zaunar da su a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su ga gaskiyar zaman, in abin ya ci tura a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda aya ta 35 ta yi umarni. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, ta bayyana cewa matar da ta fanshi kanta da dukiya saboda cutar da ake yi mata za a mayar mata da abin da ta bayar, rabuwar kuma ta tabbata. Sau nawa ake ganin wadda aka doka ta sayar da gadonta da kwanukanta ta biya hul'i, don ba wanda ya gaya mata wannan hukunci?

Ga inda ƙungiya take da aiki ke nan. Haƙƙin yana rubuce cikin littafi, amma kai wa gare shi yana bukatar lokaci da kuɗi da sani. Zaman kotu da rana ake yi, lokacin aiki. Ganin likita a karɓi takardar shaidar rauni lokacin aiki ne. Zuwa ofishin Hisba, ko wurin 'yan sanda, ko neman ɗakin haya, ko canza wa yara makaranta, duk lokacin aiki ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta san hutun haihuwa na mako 12, ta san hutun rashin lafiya na kwana 12, amma ba ta san wannan hutu ba. Ba kuma lalle sai an jira majalisa ba, domin a Ostareliya ma daga teburin ciniki tsakanin ƙungiya da ma'aikata ɗaya aka faro. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1931, da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi, suna da mata masu yawa, kuma suna zama da gwamnatocin jihohi a kai a kai. Babu abin da zai hana su sa wannan magana cikin jerin bukatunsu: 'yan kwanakin hutu da albashi, da canjin wurin aiki ga wadda ake bibiya, da hana mai gadi barin mijin da ke barazana ya shigo, da dakatar da takardar tuhuma har a ji dalili. Babbar Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, tana da makami a hannunta, domin gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba ƙararrakin da suka shafi aiwatar da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya waɗanda Nijeriya ta amince da su.

Batun albashi yana bukatar a tsaya a kansa, don an daɗe ana cin haram a nan ana ce masa haƙƙin miji. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta ba maza rabo daga abin da suka tsiwirwirta, ta ba mata rabo daga abin da suka tsiwirwirta. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli a kan miji suke ko da matar ta fi shi dukiya. Gaskiya ne Malikiyya sun ba miji ikon hana matarsa yin kyautar abin da ya haura sulusin dukiyarta, amma wannan bai mallaka masa ko sisin kwabo ba. In sun yi yarjejeniya da daɗin rai ta taimaka da wani abu saboda fitar da take yi, wannan tsakaninsu ne. Amma karɓe kati da ƙarfi ƙwace ne, kuma jami'in albashi ko sakataren ƙungiya da ya taimaki mace ta mai da albashinta wani asusun da ita kaɗai ke taɓawa ya taimaki mai dukiya ne a kan dukiyarta. Shi kansa aikin ma Shari'a ba ta ɗauke shi abin wasa ba. Muslim ya ruwaito cewa an saki innar Jabir ɗan Abdullahi, ta fita za ta girbe dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya tsawata mata, ta kai magana gaban Annabi, ya ba ta izinin ta je ta girbe. In mai idda ba a raba ta da hanyar abincinta ba, ina dalilin raba wadda aka zalunta da tata?

Game da dokar ƙasa, akwai abin kunya da ya daɗe cikin kundin hukunta laifuffuka na tsohuwar Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 55 ya ɗauke laifi daga mijin da ya doki matarsa da sunan horo, muddin al'adarsu ta yarda kuma bai kai ga mummunan rauni ba. Ma'aunin nan ya fi na malaman fiƙihu sako-sako nesa ba kusa ba, domin su tabo kaɗai ma sun hana. A watan Mayu na 2015 aka sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ta mai da dukan abokin aure laifi, haka kuma korarsa daga gida da ƙarfi, da ƙuntata masa ta hanyar dukiya, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya wanda zai hana mai cutar kusantar wadda yake cuta. Dokar ta tarayya a Abuja take aiki, jihohi kuma kowace sai ta yi tata, Kaduna ta yi a 2018. Hana korar mace daga ɗakinta ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Alƙur'ani: ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da wadda aka saka ma daga gidanta kafin ta gama idda, balle wadda igiyarta ke nan daram a kore ta da tsakar dare.

Sai dai akwai iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Ƙungiya ba alƙali ba ce, ba waliyyi ba ce. Ba aikinta ba ne ta ce wa mace ki fita ko ki zauna. Hadisi ya zo da kakkausan gargaɗi ga wanda ya zuga mace ya ɓata ta ga mijinta, saboda haka wakiliyar da za a naɗa sai ta kasance mai hankali, mai riƙon amana, wadda ta san bambancin taimako da zuga, wadda kuma abin da aka gaya mata ba zai zama hirar ɗakin malamai ba. Yaji da biko da zaman dattawa suna nan da amfaninsu, kuma aure da yawa ya gyaru ta wannan hanya. Amma sulhun da ake yi a mayar da mace ba tare da an tsawata wa mijin ba, sau uku, sau huɗu, har ranar da za a ɗauko ta a makara, ba shi ne sulhun da Alƙur'ani ya yaba ba. Aya ta 231 ta Suratul Baƙara ta hana riƙe mata don a cuce su. Shi ma mijin, in ɗan ƙungiya ne, yana da haƙƙi a kan abokan aikinsa, kuma hadisin Anas a Buhari ya fayyace shi: taimakon ɗan'uwa in shi ne azzalumi shi ne a riƙe hannunsa a hana shi. Abokan da suke jin yana alfahari a majalisa da yadda ya ladabtar da iyalinsa, su yi dariya, sun ci amanarsa.

Irin wannan wakiliya ba sai an je Kanada an aro ta ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna amfani da su kamar kayan gida, in sun lalace a yar. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajoji, dattijan mata amintattu, waɗanda ke kai ilmi ƙauyuka ga 'yan taru, mace ta ji hukuncin addininta daga bakin mace 'yar'uwarta. Ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna cikin 1985, suna da malamai mata da suka san fiƙihun aure, akwai kuma lauyoyi mata da ke tsayawa marasa ƙarfi kyauta. Reshen ƙungiyar ƙwadago a kowace jiha yana iya haɗa hannu da su a horar da mace ɗaya ko biyu a kowace babbar makaranta da kowane asibiti.

Saura magana ɗaya, ta shaida. Tun da fiƙihu ya yarda a tabbatar da cuta da shaidu da kuma labarin da ya yaɗu, to abokan aiki suna cikin mutanen da suka fi kowa sani. Su ne suke ganin kumburin da safe kafin ya saɓe, su ne suka ji barazanar da aka yi a bakin ƙofa, nas ɗin da ke aiki tare da ita wataƙila ita ce ta ɗinke raunin. Da yawa in aka kira su gaban alƙali sai su noƙe, su ce ba sa shiga tsakanin miji da mata. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta hana shaidu ƙin zuwa in an kira su, aya ta 283 kuma ta bayyana cewa mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Wanda ke tsoron kada a yanke masa albashin ranar da ya je kotu, ko kada mijin ya tare shi a hanya, yana da uzurin da ya kamata a duba, kuma ƙungiya ce za ta duba shi: ta nema masa izinin fita a rubuce, ta haɗa shi da wani jami'inta ya raka shi, ya zauna a kotun har a tashi.